Gobarar Ma'ajiyar Mai: Wa Ke da Umarni Kafin Wuta Ta Tashi?

 

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya ƙara muku lafiya. Jami'an ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, jami'an tsaro da na lafiya, da mutanen Taba da suka karɓi baƙuncinmu, ina gaishe ku gaba ɗaya.

An ɗora mini magana a kan yadda hukumomi za su haɗa hannu idan wuta ta kama wurin da ake ajiye mai da yawa. Na san akwai mai cewa a ransa, mu da muke noman rake da tumatir, ina ruwanmu da daffo? To, a dubi inda Allah ya ajiye mu. Kudu da mu akwai matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, da manyan tankunanta. Arewa da mu akwai daffon NNPC da ke Hotoro a Kano. Bututun da aka shimfiɗa don kai mai daga Kaduna zuwa Kano ta Zariya ya bi, daga nan kuma wani reshe ya nufi Gusau. Tunda bututun ya daina aiki yadda aka tsara, man da ya kamata ya bi ƙarƙashin ƙasa sai ya hau kwalta, kuma galibin tankokin da ke ratsa Tashar Yari suna ɗaukar lita 33,000 ko 45,000. Ga bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ga gidajen mai da tankunansu na ƙarƙashin ƙasa, ga masu sayar da gas ɗin girki, ga jarkokin 'yan bumburutu, ga man da manomin rani yake tarawa a ɗaki saboda injin ban ruwa. Maganar tamu ce.

Abin da na zo da shi guda ɗaya ne. A gobarar mai, rayukan da ake ceta ana ceto su ne a ɗan lokacin da ke tsakanin zubar mai da tashin wuta, kuma ba a cin moriyar wannan lokaci sai in an riga an san wanda zai ba da umarni, kowa kuma ya yarda da shi tun ana zaman lafiya.

Sai mun fahimci halin man kansa kafin mu yi maganar hukumomi. Abin da ke ci da wuta a fetur tururinsa ne, kuma wannan tururi ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya baje kamar hayaƙin murhu. Kwanciya yake yi, ya bi gangare, ya shiga lambatu da kwalbati, ya yi nisa da inda man ya zube, har ya tarar da janareta ko garwashin mai shayi ko tartsatsin babur. Mutumin da ke tsaye nesa da tankar yana ganin ya tsira, alhali ƙafafunsa a cikin tururin suke. Ruwa kuma ba ya kashe wannan wuta. Mai yana tasowa saman ruwa, saboda haka wanda ya watsa masa ruwa ya ba shi abin hawa ne. Mai tuyar ƙosai ta san wannan, in kaskonta ya kama, murfi take nema ta kife. Kumfar kashe gobara aikin murfin nan take yi, tana shimfiɗuwa a kan man ta raba shi da iska. Ruwa yana da nasa amfanin, shi ne sanyaya tankunan da ke kusa don kada su ma su kama. Akwai kuma haɗarin da ya shafi ɗanyen mai da baƙin mai: in tanki ya daɗe yana ci, zafi yana sauka ƙasa har ya taɓa ruwan da ya kwanta a gindinsa, ruwan ya tafasa nan take ya yi amai da man da ke ci. Wannan ya faru a tashar lantarki ta Tacoa a Venezuela ranar 19 ga Disamba, 1982, inda mutum kusan 150 suka mutu, cikinsu har da 'yan kwana-kwana da 'yan jarida da suka matso saboda sun ɗauka an ci ƙarfin wutar.

Bari in kai ku Ingila, domin a can ne aka yi wata gobara da masu wannan aiki suke karantawa har yau. A Buncefield, kusa da garin Hemel Hempstead, akwai babban daffo. Daren Asabar wayewar Lahadi 11 ga Disamba, 2005, ana tura fetur ta bututu cikin tanki mai lamba 912. Na'urar da ke nuna inda mai ya kai a tankin ta maƙale tun wajen ƙarfe uku na dare, ma'aikata suna ganin lamba ɗaya a gabansu alhali tanki yana cika. Na'ura ta biyu, wadda aikinta ta tsayar da turin in mai ya kai baki, ita ma ba ta yi aiki ba. Fetur sama da lita 250,000 ya malalo, tururinsa ya lulluɓe wurin, da ƙarfe shida da minti ɗaya na safe ya fashe. Tankuna kusan ashirin suka kama. Mutum 43 suka ji rauni, ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma babban dalili shi ne safiyar Lahadi ce, ofisoshin da ke kewaye babu kowa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da hukumomi suka yi bayan fashewar. Suna da tsari mai hawa uku wanda kowa ya sani tun kafin ranar. A sama akwai zauren manya, nesa da wurin wutar, 'yan sanda ke shugabantarsa, kuma a nan shugaban 'yan kwana-kwana da na lafiya da na muhalli da na ƙaramar hukuma suke zaune a tebur ɗaya suna yanke manufa. A tsakiya akwai masu tsara aiki a kusa da wurin. A ƙasa akwai masu riƙe da mesa. Aka kwashe mutum kusan 2,000 daga gidajensu, aka rufe babbar hanyar M1, aka rufe makarantu saboda hayaƙi. Sa'an nan suka yi abin da ke da wuyar gaske ga duk mai kashe gobara, wato suka jira. Fashewar ta lalata famfunan kashe gobara na daffon kansa, kuma kumfar da ke hannu ba za ta isa ba. In ka zuba kumfa kaɗan a kan babbar wuta, cinye ta za ta yi, ka tashi a tutar babu. Saboda haka suka kwana suna tara kumfa daga sassan ƙasar, suna jan ruwa daga wani tafki da manyan famfuna, sai Litinin da safe suka fara babban farmaki. Kafin a gama an yi amfani da ruwan kumfa sama da lita 700,000 da ruwa fiye da lita miliyan 50, wuta kuma ta ɗauki kwanaki. Duk da wannan tsari, katangun da aka gina kewaye da tankuna don tare mai sun yi yoyo, gurɓataccen ruwa ya shiga ƙasa. A 2010 kotu ta ci kamfanoni biyar tara da kuɗin shari'a kusan fam miliyan goma.

Ku lura da hukuncin jiran nan. Mutum ɗaya ba zai iya yanke shi ba in akwai wasu shugabanni uku a wurin kowa yana ba yaransa umarni dabam. Gwamna yana waya, 'yan jarida suna ɗauka, jama'a suna cewa ga motoci an kawo an ƙi zuba ruwa. Sai wanda ya san duk hukumomi suna bayansa zai iya cewa a dakata.

A nan Afirka ta Yamma ma mun gani. Jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar 18 ga Disamba, 2023, babban daffon mai na ƙasar Gini ya fashe a Kaloum, tsakiyar birnin Konakiri, inda fadar gwamnati da ma'aikatu da tashar jirgin ruwa suke, ga kuma unguwar talakawa ta Coronthie a jikinsa. Gwamnati ta ce mutum 24 suka mutu, 454 suka jikkata. Asibitocin Donka da Ignace Deen suka cika. Aka rufe makarantu, aka ce ma'aikata su zauna a gida. Sai da Senegal da Mali da wasu ƙasashe suka aiko da ma'aikata da kayan aiki, wutar kuma ta wuce mako guda kafin ta mutu murus. Da yake kusan duk man ƙasar a wuri ɗaya ake ajiye shi, bayan gobara sai ƙarancin mai ya biyo, har aka riƙa shigo da shi ta mota daga Saliyo. Wannan ya nuna cewa teburin haɗin gwiwa ba na masu kashe wuta kaɗai ba ne, akwai kujerar wanda zai yi tunanin janaretan asibiti da motar kai abinci kasuwa a kwana na uku.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo. Daren Talata 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka da ta taso daga Kano ta nufi Nguru ta faɗi a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Mai ya malala cikin lambatu. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki. 'Yan sandan da suka iso sun yi ƙoƙarin korar jama'a, amma an fi ƙarfinsu. Da wuta ta tashi, aka yi jana'izar mutane a kabari na bai ɗaya, kuma kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ce mutum 209 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ya sake faruwa a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, mutum fiye da tamanin suka mutu. Kafin su, a watan Mayun 2019, an yi haka a Yamai kusa da filin jirgin sama. Bayan na Dikko ne hukumar kula da harkar mai, NMDPRA, ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa hanya daga 1 ga Maris, 2025.

Ba na son jin ana cewa kwaɗayi ne ya kashe mutanen Majiya a tsaya nan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka sau da yawa, kuma ɗan acaɓan da ya ga mai yana gudu a kwata yana ganin abincin iyalinsa na mako. Wanda zai tsara agajin gaggawa dole ya sa wannan a lissafi, ya san cewa mutane za su zo, da yawa, cikin minti kaɗan, ko da tsakar dare ne. Abin tambaya shi ne wa ke da muryar da za ta mayar da su, kuma wa zai tashe shi daga barci.

A takarda ba mu rasa hukumomi ba. Akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da aka kafa da doka a 1999, tana da ofishin shiyyar arewa maso yamma a Kaduna. Akwai hukumar agajin gaggawa ta jiha. Tsarin ƙasa ya ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da nata kwamitin agajin gaggawa. Akwai hukumar kashe gobara ta tarayya da ta jiha, akwai hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988, akwai 'yan sanda da sibil difens da KASTLEA masu kula da zirga-zirgar motoci a jiha. NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta haifar, ita ke ba daffo da gidan mai lasisi. NOSDRA, ta 2006, ita ke kula da malalar mai. Akwai lambar kiran gaggawa 112, da 122 ta masu kiyaye haɗurra. Matsalar ita ce wasu daga cikin waɗannan Abuja suke amsa wa, wasu Kaduna, wasu sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa da na'urar sadarwarsa da shugabansa. Ranar da abu ya faru, kwamandan hanya da DPO da jami'in kashe gobara za su iya haɗuwa a gefen titi ba su taɓa gaisawa ba, kuma a lokacin da tururi ke bin lambatu ake son su daidaita wane ne babba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin matsala, wato iyaka. Ikara da Makarfi suna maƙwabtaka da Jihar Kano, Kudan kuma tana jikin Danja ta Katsina. Tankar da ta faɗi tsakanin Tashar Yari da Kwanar Dangora ba ta san inda Kaduna ta ƙare Kano ta fara ba. In motar kashe gobara ko motar asibiti ta maƙwabta ta fi kusa, bai kamata direbanta ya tsaya jiran takarda ba. Wannan yarjejeniya ce da shugabannin ƙananan hukumomi da hukumomin jihohin za su iya sa wa hannu a zama ɗaya, a rubuta wanda zai kira, da wanda zai biya kuɗin man motar.

Ra'ayina game da shugabanci a wurin shi ne a raba shi da lokaci, a kuma rubuta. Daga sa'ar da mai ya zube har isowar 'yan kwana-kwana, babban jami'in 'yan sandan da ya fara isa shi ke da umarni, kuma aikinsa na farko nisanta mutane ne: a tare hanya ta ɓangarori biyu tun daga nesa, a kashe injuna da janareta da wutar masu shayi da masu tsire, a kwashe mutanen da ke gangare da waɗanda iska ke kaɗawa wajensu. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, ga ciyawa da karan gona a bushe, saboda haka ana iya sanin unguwar da za a fara kwashewa tun yau. Idan 'yan kwana-kwana suka iso, cikin da'irar wuta nasu ne, ba mai shiga sai da izninsu, komai girman muƙaminsa. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa wurinsa sakatariya ne tare da wakilan lafiya da na jiha da na NEMA, yana nemo abin da na gaba suka ce suna buƙata. In ya tafi bakin wuta da jerin motoci, ya ƙara wa masu tare hanya aiki.

Iyayenmu sarakuna, a nan ne nake roƙonku. 'Yan sanda biyar ba za su iya tsayar da mutum ɗari biyar ba. Amma matashin da zai ture ɗan sanda ba zai ture mai unguwarsu ba, ba kuma zai yi kunnen uwar shegu da lasifikar masallacin da yake salla ba. Ina ganin ya kamata sunan dagaci da na liman da na shugaban 'yan sintiri da na shugabannin direbobi da 'yan acaɓa na kowane gari da ke bakin hanya su shiga jerin waɗanda za a kira a minti biyar na farko, daidai da sunan DPO. Malamai kuma su faɗa a huɗuba tun yanzu cewa man da ya zube daga tanka dukiyar wani ce, ba ganima ba ce, kuma jefa rai cikin halaka haramun ne. In mutum ya ji wannan sau uku a ranar Juma'a, muryar liman da tsakar dare tunatarwa za ta zame masa.

Maganar kumfa gajeriya ce. A san inda take da yawanta: a matatar Kaduna, a daffo, a filayen jirgin sama na Kano da Kaduna da Zariya, domin motocin kashe gobarar jirgi da kumfa suke aiki. A san lambar wanda ke riƙe da mabuɗin, a san dam ko rafin da za a ja ruwa da rani. Kowane mai gidan mai da mai tashar gas ya ba kwamitin ƙaramar hukuma zanen wurinsa da adadin abin da yake ajiyewa.

Sai asibiti, wanda sau da yawa a nan ake rasa waɗanda suka fita daga wuta da rai. Mai ƙuna mai yawa ruwan jikinsa yake tsiyayewa, kuma ƙarin ruwan da za a yi masa a sa'o'in farko shi ke raba rayuwa da mutuwa, bi iznillahi. Asibitocin Ikara da Makarfi da Hunƙuyi za su iya wannan matakin in suna da ruwan a ajiye. Masu tsanani sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano da na ƙashi da ke Dala. Kuskuren da ake yi shi ne a loda kowa a kai asibiti mafi kusa, ya cika ya tumbatsa, sauran suna zaune ba su san abin da ake ciki ba. Ana buƙatar ma'aikacin lafiya guda a bakin wurin yana tantancewa, wannan nan kusa, wannan Shika, yana kuma rubuta sunaye don iyaye su san inda za su nemi 'ya'yansu. Muna da kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, ɗalibanta da malamanta za su iya koya wa kowane gari taimakon farko: a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙuna na kusan minti ashirin, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja da baƙin mai.

Mai magana da jama'a ma ya zama ɗaya. In NEMA ta faɗi adadi, 'yan sanda suka faɗi wani, sakatariya ta faɗi na uku, mutane za su koma wa abin da ake turawa a WhatsApp, wasu kuma su taso daga ƙauyuka don ganin ido su toshe hanyar motar asibiti. Bayan wuta ta mutu kuma kada a watse, domin man da ruwan kumfa da suka gangara fadama za su shiga rijiyoyi da gonakin rani, sai an gwada ruwan kafin a ce wa mutane su sha ko su yi ban ruwa da shi.

Duk abin da na lissafa, ban da kumfa, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da nake nema daga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku shi ne su kira kwamitocinsu zama ɗaya, su fito da takarda mai shafi biyu da ke ɗauke da sunaye da lambobin waya da wanda ke da umarni a kowane mataki, a liƙa ta a ofishin 'yan sanda da fadar hakimi da asibiti da kowane gidan mai. Sa'an nan a gwada ta. A ajiye tankar ruwa a gefen hanya a Tashar Yari ba tare da an sanar da ranar ba, a buga waya, a riƙe agogo, a ga minti nawa za a yi kafin a tare hanya, minti nawa kafin lasifikar masallaci ta yi magana, wace lamba ce aka kira aka ji ta a kashe. A gyara, a sake a Hunƙuyi, a sake a Paki, kuma a yi na farkon kafin iskar hunturu ta kankama.